Hagun Hima a Rijiyar Kobikwara

A Kobikwara, can cikin rairayin Zarmaganda, kowa ya san Hima bahago ne, amma da wuya ka kama shi yana aikatawa a gaban manya. Da dama yake cin tuwo, da dama yake gaisawa, da dama yake karɓar goro. Sai ya ɗauki gatari ko lauje asiri ke tonuwa.

Kawunsa Tinni ne ya raba wa hannuwan nan aiki. Hima yana rarrafe uwarsa ta rasu, Tinni yayanta ya ɗauko shi ya haɗa da ɗansa Sumana. Tinni mahaƙin rijiya ne, mai gaskiya da ibada, sai dai Allah ya zuba masa taurin kai. Da ya lura yaron na kai hagu cikin akushi, sai ya riƙa ɗaure masa ita a ƙugu da igiyar kaba duk lokacin cin abinci. In ta kuɓuce, ludayi ya sauka a kan yatsu. A haka Hima ya koyi ci da dama. Amma igiyar kaba ba ta kwance abin da Allah ya ƙulla, ƙarfinsa duk yana hagu.

Da ya zama saurayi ya shiga sana'ar gidan, kuma babu mai saurin haƙarsa. In ya yi nisa a ƙasa, inda idon kawu ba ya kaiwa, sai ya mayar da dagi hagu. Ana nan suka haƙa wa wata ruga rijiya, ruwa ya fito zartsi, ko jaki ya ƙi sha. Kowa ya san ƙasar wajen kanwa ce. Amma mahaƙan yankin sun gaji magana tun kakanni cewa rijiyar da hagu ta haƙa ba ta albarka, ga shi kuma ana neman wanda za a shafa wa kashin kaji. Tinni ya tambaye shi a gaban mutane, shi kuwa bai iya ƙarya ba.

"Daga yau ƙafarka ba ta sake shiga rijiyar da nake da hannu a ciki," in ji Tinni.

Maganar ta yi wa Hima ciwo fiye da ludayi, ciwon da bai taɓa warkewa ba. Ya koma sassaƙar turmi da taɓarya. Da kaka ya shiga kokawa, ya kayar da ƙattin da suka fi shi jiki, don suna tsaron dama kamun yake zo musu ta inda ba su zata ba. Ya auri Zalika, wadda takan ce laujunan gidanta duk sun karkace hagu, babu maƙwabcin da ke zuwa aro, ita kam ta huta. Duk shekara damin geronsa na farko gidan Tinni yake kai wa, ya miƙa da hannu biyu. Tsohon ya amsa, amma sai ya duba wane hannu ne a sama.

Haka suka zauna har furfura ta fara leƙo wa Hima.

Wata bazara ruwan tsohuwar rijiyar gari ya ja baya, guga na fitowa da laka. Rijiya ce mai zurfi, irin wadda ake ɗaure cikinta da gumagumai. Aka tsai da ranar yasa. Tinni ya tsufa, gwiwa ta fara gardama, amma ya ce shi zai sauka, wai yaran yanzu ba su san inda ake taka ƙafa ba. Hali zanen dutse, aka ɗaura masa igiya.

Hantsi ya ɗaga, Hima na gindin gawo yana fafe turmi, sai ya ji salatin mata. Kafin ya isa, gari ya taru. Ƙura na fitowa daga bakin rijiya, ana jawo Sumana wanda ya sauka dubawa, jikinsa fari fat da yashi.

"Baba yana da rai," in ji Sumana yana haki. "Bango ya zube, ƙasa ta kama shi har ƙirji, gungume ya danne masa hannun dama. Wurin tsayawa ɗaya ne tak, in ka tsaya kafaɗarka ta dama tana jikin tsagar bangon. Na ɗaga dagi, gwiwar hannuna ta ɗan taɓa bangon, yashi ya zubo masa har wuya."

"Ka juya mana," wani ya ce.

"In juya in ba shi baya, in haƙa me? Iska?"

Ɗaya bayan ɗaya idanu suka koma kan Hima. Wani dattijo ya yi gyaran murya ya ce ai Tinni da bakinsa ya hana, kuma wannan ita ce ruwan shan gari, in ta koma zartsi fa? Liman ya dube shi ya ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, rai ake magana.

Sumana ya matso. Taubasai ne, tun suna yara bai taɓa kiran Hima da sunansa ba.

"Bawana," ya ce, "yau ubangijinka ne ke roƙo."

"Rufe mini baki, ka ɗauko igiyar kaba."

"Ta me?"

"Ɗaure mini dama a ƙugu. In ƙafata ta zame, da ita zan dafa bango ban sani ba."

Sumana ya ɗaure. Zalika na tsaye cikin mata, ta cusa bakin zanenta tsakanin haƙora.

Aka zura shi. Hasken sama ya yi ta ƙanƙancewa, iska ta yi nauyi, warin laka da ruɓaɓɓen itace ya cika masa hanci. Tsoro ya kama shi sosai, irin wanda bai taɓa ji a fagen kokawa ba. Ƙafarsa ta sami ɗan tudun da Sumana ya faɗa. A damansa yana jin yashi na tsiyaya daga tsagar, siriri, ba ya tsayawa. A hagunsa ga kan Tinni, ƙasa ta kai masa haɓa.

"Wane ne?" in ji tsohon da ƙyar.

"Ni ne, Kawu."

"Na hana ka."

"Ka hana. In mun fita ka dake ni."

Ya fara. Ba sara yake ba, yakuce ƙasar yake da bakin dagi, ya ajiye, ya kwashe da ƙoƙo ya zuba a guga, ya girgiza igiya a ja. Wuya ya fito. Kafaɗa ta fito. Sai wani ɓangare na bangon ya saki, ya zubo masa a gadon baya. Damarsa ta zabura za ta dafa, igiyar ta riƙe ta. Ya sanƙame, ya daina ko numfashi, har zubar ta lafa. Rabin abin da ya kwashe ya dawo.

"Fita," in ji Tinni. "Kana da 'ya'ya."

"Kawu, rufe baki, yashi na shiga."

Ya sake farawa. Da ya kai ga gungumen, ya kai hannu zai gwada ɗaga shi.

"Kada ka taɓa. Shi ya tokare sauran. Ta ƙarƙashin hannun za ka bi."

Ya bi ta ƙarƙashi, da yatsu, har farcensa ya tsage. Hannun ya zaro, yana lilo kamar tsumma. Ya tone har ƙugu. Saura a zarga wa tsohon igiya a ƙirji, ga shi hannu ɗaya ba ya ƙulli. Hima ya zagaya da igiyar, ya tsaya yana riƙe da baki ɗaya.

"Kawo taka, Kawu."

Tinni ya dubi hagunsa da ta rage masa, ya ɗago ta, ya kama ɗaya bakin. Wannan ya zura, wancan ya ja, ƙulli ya zauna. Hima ya girgiza igiya. Tsohon ya fita daga ramin da ƙyar, ya yi sama yana juyi. Ana jawo Hima, bai kai rabi ba ya ji bangon ya rufta a ƙarƙashinsa.

Da aka sake gina rijiyar, ruwanta garɗi kamar da, dattijon nan ma da shi yake alwala. Amma hannun daman Tinni ya shanye. Mai ɗori ya yi iyakar yinsa.

Bayan kwanaki Sumana ya zo ya ce tsoho ya ƙi cin abinci in da mutum a wurin, ko da liman ya gaya masa larura ce, babu laifi. Hima ya je ya same shi a zaure, ƙwaryar fura a gabansa, gaban rigarsa duk ya jiƙe. Suka gaisa. Tinni ya turo masa ludayi.

"Nuna mini yadda ake riƙe shi da wannan."

Hima ya ɗauka da hagu. Hannun da ke fafe turmi ya kayar da ƙatti sai ga shi ya kasa sarrafa ludayi, furar ta zube masa a cinya tun ba ta kai baki ba.

"Wallahi ban iya ba, Kawu," ya ce. "Ba a bar ni na koya ba."

Tinni ya kawar da kai, hawaye na bin gemunsa. Hima ya leƙa cikin gida ya ce a kawo wani ludayin.