Zakaran Maƙwabciya

A shekarun da kuɗin mai suka fara shigowa, wata Bayarabiya mai sayar da kwanuka ta kama haya a jikin gidanmu a Liman Abaji. Muna kiranta Maman Tagwaye. Hausarta ba ta wuce ta ciniki ba, Inna kuma ba ta jin Turanci, amma kullum suna tare a gindin turmi suna dariya.

Wata Juma'a Inna ta sa aka kama jan zakara a tsakar gida aka yanka. Ta yi miya, ta cika kwano ta aika wa Maman Tagwaye. Washegari sai ga zakaranmu ya shigo yana tafiyarsa, lafiya lau. Na maƙwabciya aka ci.

Inna ta aika mata da namu, ta shige ɗaki. In ta ji muryarta sai ta ja mayafi ta rufe fuska. A wurinmu wannan babban ban haƙuri ne. Maman Tagwaye kuwa ta ɗauka gaba ake yi da ita, ta daina leƙowa.

"Kai ne ka yi firamare," in ji Inna. "Je ka faɗa mata da Turanci."

"In ce me, Inna?"

"Abin da ke raina mana. Sai na tauna maka?"

Ni mutum ne mai tsoron faɗin abin da ba daidai ba. Sori na sani, amma shi ake ce wa wanda aka taka wa ƙafa a kasuwa, ya yi kaɗan. Na tafi wurin ƙanin babana, masinjan kotu.

"Ka ce tana guilty."

"Ba ita alƙali ke faɗa ba, Baba?"

"Ita ce. Daga nan sai gidan yari."

Na ce a'a. Ya ba ni regret, na tuna da ita ake sanar da mutuwa a rediyo. Ya ce to remorse, ta wanda ya kashe rai ce yake kuka.

"Ai kuwa an kashe rai," na ce.

"Na zakara, ɗan nan! Allah ya shirye ka."

A ƙarshe muka tsaya a kan ashamed, wato jin kunya. Na yi ta maimaita ta a hanya, ina fargabar kada na ƙara wa Inna laifin da ba ta yi ba, ko na rage wanda ta yi.

Na tarar da Maman Tagwaye tana jera kwanuka a rumfarta. Na durƙusa na faɗi maganata. Na ƙara da cewa shi ya sa take ɓoye fuska.

Ta kalle ni. "Mama ba fushi?"

"Ba fushi. Kunya."

Ta dafe kai ta yi wata magana da Yarbanci, ta bar rumfar a buɗe ta wuce ni. Kai tsaye ta faɗa ɗakin Inna ba sallama, ta kama gefen mayafin.

"Mama, buɗe! Kai ya yanka, ni ya ci. Har ƙashi na tauna. Ɓarawo biyu!"

Mayafin ya fara girgiza saboda dariya.

"Ke dai ba ki da ta ido," Inna ta ce daga ciki. Ta saki gefen, ta matsa mata wuri a kan tabarma.