Jakar Wata Ta Hana Ni Yin Bankwana da Yayata

Assalamu alaikum Edita, tare da duk wanda zai karanta wannan wasiƙa tawa. Lokacin da abin nan ya same ni na ba shekara hamsin baya, maigidana ya daɗe da rasuwa, ina zaune Talata Mafara ina sayen shinkafa shanshera wurin manoman rani na Bakura, in turara, in kai inji, in sayar. Ban taɓa shiga aji ba sai da na aurar da ɗiyata ta biyu, sannan na shiga ajin manya na yamma. Ranar da na fara karanta allon gefen hanya da kaina, wallahi ji na yi kamar an cire mini yana a ido. Daga nan kuma kaina ya kumbura. Dama can ni ba mai shiru ba ce, duk kasuwa an san bakina, to ga karatu ya zo ya hau kai. Da mutum ya ɗauko bayani sai in katse shi in ce na iya karatu. 'Ya'yana har tsokanata suke, wai Inna ta zama farfesa.

Shekarar nan Allah ya nufe ni da zuwa Umara. Saura kwana huɗu mu taso zuwa gida, babban ɗana ya kira ni ya ce yayata da ke aure Kaya, can ƙasar Maradun, ta kwanta, kuma jikin ya yi tsanani. Wannan yayar ita ce uwata. Mahaifiyarmu ta rasu ban fi shekara shida ba, ita ta ɗauke ni zuwa ɗakin aurenta, ita ta yi mini kitso, ita ta aurar da ni. Ɗana ya ce ko kunu ba ta iya sha, amma duk wanda ya leƙa ɗakin sai ta tambaye shi ko jirgin 'yar autarta ya sauka. Haka take kirana har da furfurata. Sai ya tsara mini tafiya. Jirginmu zai sauka Abuja da sassafe, ya yanka mini tikitin jirgin ƙasa na hantsi zuwa Kaduna ya turo mini a waya, shi kuma zai jira ni tashar Rigasa da mota, mu kai Gusau kafin magariba, mu kwana, da safe mu shiga Kaya, tunda hanyarmu yanzu ba mai hankalin da ke binta da yamma. Tsakanin saukata da tashin jirgin ƙasa akwai awa uku da wani abu. Ya ce lokacin ya isa in dai ban tsaya wani abu ba. Ya roƙe ni kada in karɓi saƙon kowa, ya fara yi mini bayanin inda tashar take, na katse shi na ce ni na haife shi, tikitin ga shi a hannuna, kuma ba sai an karanta mini ba.

Ana gobe za mu taso sai ga wata mata ta zo masaukinmu. 'Yar Morai ce, ta shekara goma sha tana zaune can tana aikin gida. Munka gaisa irin gaisuwar gida, ta tambayi mutanen Mafara unguwa unguwa, ashe ma ta san kakata. Sai da gaisuwa ta yi nisa ta jawo wata jaka mai zanen ja da shuɗi, an cika ta har tana nishi, an ɗinke bakinta da zaren buhu. Ta ce Hajiya, amana ce, 'yan kayan yara ne, ƙaninta zai zo ya amsa. Wanda bai san mu ba ba zai gane ba, amma a wurinmu mutumin gida ya same ka a ƙasar wasu ya ba ka saƙo ka ce a'a, maganar sai ta riga ka isa gida, a ce wance ta je Makka ta dawo da girman kai. Kuma tambayar abin da ke cikin saƙo kamar ka ce wa mutum ba ka yarda da shi ba ne. Ni da ba ni jin kunyar kowa a kasuwa, sai ga ni na kasa cewa a'a. Na tuna maganar ɗana sarai, na danne ta. Na karɓi jakar aka auna ta da sunana.

Mun sauka Abuja lafiya a kan lokaci. Layin buga fasfo ya ci abin da ya ci, kayana sunka fito, akwatina da kwalin zamzam da jakar amana, na ɗora a keken tura kaya ina duba agogo ina cewa alhamdulillahi akwai sauran lokaci. Ina dab da ƙofar fita wata ma'aikaciya cikin masu binciken kaya ta nuna jakar nan ta ce a kawo ta gefe. Ta tambaye ni cikin ladabi, tana ce mini Mama, mene ne a ciki. Na ce ban sani ba, ba tawa ba ce. Ashe babu amsar da ta fi wannan muni a wurin nan. Nan take fuskarta ta canza, ta kira wani babba. Shi kuma ya tambaye ni sunan mai jakar cikakke, ban sani ba, sunan da ake kiranta kawai na riƙe. Lambar ƙaninta, ba ni da ita, cewa ta yi zai neme ni. Sunka sa wuƙa sunka farke ɗinkin. Kayan yara kam akwai, a sama. Ƙarƙashinsu kwalayen magani ne birjik, da man shafawa, da wasu ƙulle-ƙulle a leda babu rubutu a jiki.

A nan ne bakina ya ƙarasa ni. Maimakon in kwantar da murya in faɗa musu ina da mara lafiya, sai na hau faɗa. Na ce su dube ni da kyau, na yi kama da 'yar fasa-ƙwauri? Na ce wa babban nasu na yi jika da kamarsa, na ce daga ɗakin Allah na fito ba daga gidan rawa ba. Bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi Hajiya, tunda kin ce kin iya karatu, ga allo can, ki karanta abin da aka rubuta game da ɗaukar kayan da ba ki san cikinsu ba. Na karanta kuwa, baƙi da fari, ko harafi ɗaya bai gagare ni ba. Sunka zaunar da ni a benci, sunka fidda kayan nan ɗaya ɗaya suna dubawa suna rubutawa, anka aika a kira wani da ya san magunguna. Ba su zalunce ni ba, aikinsu suke yi, ni ce na kawo kaina. Ina zaune ina kallon agogon bango yana tafiya, wayata tana ta ruri a jaka, ɗana ne, na ƙi ɗauka don ban san da wane baki zan ce masa na karɓi saƙo ba. Daga ƙarshe sunka riƙe magungunan da ƙulle-ƙullen, sunka ba ni takarda na sa hannu, sunka maido mini da jakar baki buɗe.

Da na fito waje saura ƙasa da awa ɗaya. Yanzu na san cewa ko a lokacin, da na shiga mota nan take, da na samu jirgin. Masu tasi sunka yo kaina, wani dattijo mai hula zanna ya ji na ambaci Kaduna ya ce Hajiya taho da sauri, tashar Idu da 'yar tazara, in munka tashi yanzu za mu kai. Ni kuwa tun ranar tafiyata na hangi tashar jirgin ƙasa nan kusa da filin jirgin, kuma ga allo da kibiya yana nuna ta. Sai na ɗauka irin 'yan kamashon tashar mota ne, masu ce maka motar ƙarshe ta tashi alhali tana bayanka. Na ce masa Malam, ka nemi baƙauyiya, ni na iya karatu, ga tasha can ina gani. Ya ce wancan jirgin cikin gari ne. Na ce to, na ji, Allah ya ba da kasuwa. Na tura kayana cikin rana, jakar amana tana zubar da takalman yara a hanya ina tsayawa ina tsincewa. Na isa ina haki na nuna tikitina, ma'aikacin ya duba ya ce Mama, wannan na Kaduna ne, a Idu ake hawansa. Ya ce nasu yana bi ta Idu ɗin, amma wanda zai tashi nan gaba ba zai kai ni a kan lokaci ba.

Na koma wurin dattijon nan da ƙafafuna. Ya buɗe bayan mota ya sa kayana. Ya yi gudu iya yinsa, ni ina baya ina ta ce masa ya ƙara wuta kamar shi ya ɓata mini lokaci. Muna shiga harabar tashar Idu na ji kukan jirgi. An rufe ƙofar shiga. Ta cikin gilashi na ga taragai suna wucewa a hankali, a hankalin da ko ni da ciwon gwiwata zan iya kamo shi da an bar ni. Na buga ƙofa, na roƙa, ni da ban saba roƙo ba, na ce yayata ce ke bakin mutuwa. Mai tsaron ƙofar ya ce ya tausaya mini, amma jirgin da ya motsa ba a tsaida shi. Na tambayi na yamma, aka ce kujeru sun ƙare. Sai a lokacin na ɗauki wayar ɗana. Da ya gama ji, sai ya ce Inna, ba na roƙe ki ba? Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Dattijon ne ya kai ni tashar mota. Kafin mota ta cika, kafin mu fita cunkoso, ban isa Kaduna ba sai bayan la'asar. Na ce wa ɗana mu kama hanya haka nan, ya rantse ba zai shiga da ni hanyar Gusau da duhu ba ko zan tsine masa. Na yi faɗan, na yi kukan, bai motsa ba, kuma gaskiyarsa ce. Munka kwana, ana sallame asuba munka tashi. Mun wuce Funtua da kaɗan wayarsa ta yi ƙara, ya saurara, ya gangara gefen titi ya kashe mota. Ban bari ya faɗa ba. Yaya ta cika da hantsi, daidai lokacin da, bisa tsarin farko, ina zaune bakin gadonta. Mun shiga Kaya bayan azahar, maza sun dawo daga maƙabarta suna zaune kan tabarmi ƙofar gida. Ɗiyarta ta faɗa mini da safen nan Yaya ta sa an share ɗaki, an shimfiɗa sabuwar tabarma, ta ce a ajiye kofi mai tsabta don 'yar autarta na tafe da zamzam. Kofin na nan kan taga na same shi.

Ranar addu'ar uku, muna cikin karɓar gaisuwa, aka ce ana sallama da ni. Ƙanin matar nan ne daga Morai. Ya yi gaisuwar rasuwa a gurguje, sannan ya ce ya zo karɓar saƙo. Da aka fito masa da jakar ya juya ta ya juya, ya ce ai yayarsa ta ce a ɗinke ta ba ni, ya aka yi ta zo a buɗe, kuma ina magungunan. Har da cewa amana dai abu ce mai nauyi, Hajiya. Na shiga ɗaki na ɗauko takardar da na sa wa hannu a filin jirgi na miƙa masa, ya ce shi bai iya karatu ba. Na tsaya ƙofar gidan yayata na karanta masa ita tun daga sama har ƙasa. Amfanin da karatuna ya yi mini a tafiyar nan ke nan.

Na san kwana idan ya ƙare ya ƙare, ko ina wurin ba zan ƙara mata numfashi ɗaya ba. Malamai sun faɗa mini, na kuma yarda. Amma ban yarda in laɓe bayan ƙaddara in wanke kaina ba. Kunyar baƙuwar da na sani na awa ɗaya ta fi ƙarfina, alhali ban ji kunyar yi wa ɗana tsawa ba, ban ji kunyar wulaƙanta dattijon da ya faɗa mini gaskiya ba. Har yau abin na ci mini rai, kuma haushin kaina nake ji fiye da na kowa.

Don haka 'yan uwana mata masu zuwa Umara da Hajji, da masu dawowa daga asibitocin waje, ku ji daga bakin wadda ta gani. Kada ku karɓi jakar da ba a buɗe ta gabanku ba, ko ta 'yar ɗakinku ce. A ce kuna da girman kai, za a gaji a daina. Saukar jirgin sama ba irin saukar mota a tashar Mafara ba ce da za ka ɗauki kayanka ka wuce, akwai layi, akwai bincike, kuma tashar da kake hange ba lallai ita ce taka ba. Ku tambaya, ku bari mai bayani ya kai ƙarshen maganarsa, ko ɗan da kunka haifa ne. Ku kuma masu ba da saƙo, ku ji tsoron Allah, ba ku san abin da mutum ya baro gida yana jiransa ba. Ina roƙon wanda ya karanta ya sa yayata a addu'a. Kofin nan na ɗauko shi, yana ɗakina, kuma har yau ban iya shan ruwa da shi ba.