Godiyar da Ardo Bai Yi Ba

A zamanin mulkin soja, bayan na ajiye tuƙin babbar mota na dawo gida Tudun Wada, ma'aikatan wani gidan talabijin suka zo ɗaukar shiri a kan makiyaya. Suka ɗauke ni tafinta, don ina jin Fillanci.

Muka je wata ruga a bakin dajin Falgore. Ardon wurin dattijo ne, kuma magana ɗaya ce ke cinsa: wani mai hali ya nome burtalin da shanunsu ke bi zuwa mashaya, ya zagaye shi da waya. Yana so gwamna ya ji kafin rani.

Ya soma bayani da Hausa wadda ta fi ta mai shirin, wani saurayi mai baƙin tabarau. Saurayin ya tsayar da shi.

"Baba, yi da Fillanci, ya fi armashi."

"Yaro, gwamnan yana jin Fillanci?"

"Ga tafinta nan, Baba."

Na fassara tsaf, suka naɗa.

A hanya saurayin ya ce mini akwai ƙa'ida: ba a watsa ƙorafi sai an ji ta bakin wanda ake ƙorafi a kansa. Mai halin da ya sa wayar kuwa ya ƙi magana. Wato azzalumi ya yi shiru kawai, ƙa'ida ta rufe masa bakin wanda ya zalunta.

Na zauna a Khartum, na zauna a Abidjan. A can in ba a son maganarka, yanke ta ake yi a sa kiɗa, kowa ya san an yanke. Namu ko wannan 'yar kunyar ba su da ita.

Ranar da aka sa shirin, ardo ya tako da mutanensa har gidan kallon garinmu bayan la'asar. Ga shi a akwatin talabijin, muryarsa can ƙasa-ƙasa tana maganar burtali. A kanta aka ɗora wata murya, ba tawa ba, tana cewa ardo na godiya da allurar rigakafin shanu. Ko goge tasa ba su yi ba. A ganinsu mai jin Fillanci ba ya kallon talabijin.

Ardo ya juyo ya dube ni.

"Malam, kai ka faɗa musu haka?"

Na rantse masa ba ni ba ne. Ya gyaɗa kai, ya ɗauki sandarsa.

Kafin rani ya yi tsanani suka kaɗa shanunsu suka yi kudu. Shirin kuwa aka yi ta maimaita shi. Rugar ta zama kufai, ardo yana nan a akwati yana godiya.