Wai Ni Jarin Dogon Zango Ce

Jiya na sha kwalliya, na fito zaure. Wata guda Nura ɗan Aliero yana zuwa zance, na ce yau kam zai faɗi kalmar da nake karantawa a littattafai.

Sai ya ciro waya.

Ya nuna min jadawali, wani layi mai hawa da sauka, wai asusun haɗaka ne, mutane su tara kuɗi, masana su juya musu. Ya zagi abokinsa na Maiyama da ya sayar da hannun jarinsa don tsoro.

Da ƙyar na iya cewa, "Yaya Nura, Baba fa ya tambayi yaushe za ka turo manya."

Ya yi murmushi. "Haba Safiya, mi kike gaggawa? Ke jarin dogon zango ce. Ko albasa ajiyewa mukai sai ta yi tsada."

Ina wasa da bakin mayafina na ce, "Wadda Baba ya ajiye bara, rabinta ruɓewa ta yi. Sauran wani ɗan Jega ya saye."

Ya kashe wayar. Ya ce kawunsa zai zo Juma'a.

'Yan'uwa mata, naku ma da jadawali yake zuwa zance, ko ni kaɗai ce?