Mikoro a Cikin Amawali

Mahaifina mai sono ne. A Tanut haka muke kiran wanda ke kafa lasifika da mikoro a wurin taro, ya zauna bayan na'urarsa yana murɗa maɓallai don kowa ya ji abin da ake faɗa. Ya fi shekara talatin yana wannan aiki. Ɗaurin aure, wa'azi, filin kokawa, yekuwar rigakafin dabbobi ranar kasuwa, babu inda amalankensa bai kai kaya ba, daga Gangara har Ollelewa. Mu ƴaƴansa mun tashi muna tsallake wayoyi a tsakar gida. Innarmu ta sha cewa a gidan nan lasifika ce ke da ɗaki mai kyau, mu kuwa sai wanda ya rage.

Yana da wata ɗabi'a da abokan sana'arsa ke yi wa dariya. In ya gama haɗa kaya ba ya zama. Sai ya taka har ƙarshen fili, inda mata da tsofaffi ke shimfiɗa tabarmi, ya tsuguna can ya saurara. Cewa yake manyan da ke gaba ko babu lasifika za su ji, shi saboda na baya aka ɗauko shi. Yakan duba inda iska ta nufa ya juya lasifika ta bi ta. Ya san limamin da ke manna baki da mikoro kamar zai haɗiye shi, ya san maroƙin da sai an rage masa tun kafin ya buɗe baki.

Sai kunnensa ya fara tafiya. Ni na fara lura, lokacin ina koyarwa a lakwal a Belbeji, ina zuwa gida hutu. Na gaishe shi ta hagu bai amsa ba. Kunnen daman ma sai ka matso ka ɗaga murya. Da na yi masa maganar ya daɗe yana naɗe wata waya a gwiwar hannunsa, sannan ya ce, "Madam, ki bar shi tsakaninmu. Mai sono kurma, wa zai kira shi?" Madam yake ce mini tun ranar da na kama alli, rabi tsokana rabi alfahari.

Ni ban faɗa wa kowa ba, amma gari ba ya buƙatar a faɗa masa. Kira ya ragu, sannan ya ɗauke. Masu biki suka koma ɗauko masu sono daga Damagaram, masu manyan akwatuna baƙaƙe da ke girgiza ƙirjin mutum. Wata huɗu babu wanda ya yi sallama a ƙofarmu don aiki, shi kuwa kullum da safe sai ya goge kayansa ya mai da su. Na ji haushin mutanen garinmu, kuma ban daina ji ba gaba ɗaya.

Bayan girbin shekarar aka kira taron sakin gonaki a Belbeji, inda manoma da makiyaya ke tsai da ranar da dabbobi za su shiga su ci kara. An yi ɓarna a damina, rayuka a ɓace suke. Masu shirya taron suka ɗauko wani mai sono daga Damagaram. Baba ya zo Belbeji ana gobe taro, wai jikokinsa ya zo gani. Na ga tsohuwar jakarsa ta fata a kafaɗa, na yi kamar ban gani ba.

Da hantsi fili ya cika. Ni ina can baya a tabarmar mata, Baba yana gefe cikin ƴan kallo. Manoma suka yi magana, aka ji su har kasuwa. Sai aka miƙa mikoro ga wani dattijon Abzinawa, wanda duk makiyayan wurin maganarsa suke jira. Ya tashi da rawaninsa, amawali ya rufe masa baki har kan hanci, ya fara magana ƙasa-ƙasa. Babu wanda ya ji komai. Mai sono ya ƙara ƙarfi, lasifika ta saki wani kuka mai tsini, raƙuman da ke ɗaure a gefe suka fara fizge-fizge. Sai mai sonon ya taso da sauri ya ce wa dattijon, kuma ta cikin mikoro kowa ya ji, "Baba, ɗan sauke ƙyallen nan daga bakinka, ka ɗaga murya." Har ya kai hannu wajen amawalin.

Ba mugunta ya yi ba, bai sani ba ne. A wajenmu ko yaron goye ya san dattijon Abzinawa ba ya buɗe bakinsa a gaban jama'a, kuma ba ya ɗaga murya, girmansa ke nan. Dattijon ya ajiye mikoro a kan tebur a hankali ya juya baya. Mutanensa suka miƙe suna kaɗe riguna, wasu har sun nufi raƙuma. In suka tafi babu ranar da za a tsayar, kowa kuma ya san abin da ke biyo bayan haka a gonaki.

Sai na ga Baba ya ratsa fili da jakarsa.  Na ce a raina, yau kam za a gane ba ya ji, kuma a gaban jama'ar yankinmu na Damargu duka.

Ya tsuguna gaban dattijon ya gaishe shi, gaisuwa mai tsawo, da gida da dabbobi da rijiya, bai tsallake ko ɗaya ba. Sannan ya ciro wani ɗan mikoro da bai fi ƙwallon dabino ba, mai siririyar waya, ya ɗora a tafin hannunsa ya miƙa. Waɗanda ke kusa sun ce cewa ya yi, "Ranka ya daɗe, ka sa wannan da hannunka a cikin amawali. Ka yi magana yadda kake yi a tantinka. Sauran aikina ne." Dattijon ya dube shi jim, ya karɓa.

Baba ya nufi wajen na'ura ya ce wa mutumin Damagaram, "Ɗana, ara mini kujerar." Ya kashe manyan akwatuna biyu, ya sa aka juya sauran suka bi iska. Amma bai tako baya ya saurara ba kamar yadda ya saba, don babu amfani. Ya ɗora tafin hagu a jikin akwatin da ke kusa da shi, yatsun dama a kan maɓalli, idonsa kuwa a kan tabarmarmu. Kusa da ni akwai wata tsohuwa mai sai da nono, ta kare bayan kunnenta da hannu tana ƙoƙarin ji. Ita yake kallo. Ya yi ta murɗawa kaɗan-kaɗan, har tsohuwar ta sauke hannunta ta gyara zama. Nan ya tsaya.

Muryar dattijon ta iso mana a sanyaye, kamar yana zaune a tabarmarmu. Ya ba manoma haƙuri kan ɓarnar da aka yi, ya roƙi a jira a gama roron wake, ya roƙi a daina nome burtali. Fili ya yi tsit, sai tarin wani tsoho. Kafin azahar an tsai da rana, an shafa fatiha. Na ji wata a bayana tana cewa, "Ashe mai sonon Tanut yana nan." Na juya na ce mata, "Babana ne." Ban taɓa faɗin kalma biyu da daɗin baki irin na ranar ba.

Kira ya dawo, kuma bai sake ɗaukewa ba. Ya yi shekara shida yana aiki kafin Allah ya karɓi abinsa, da hannu ɗaya a jikin akwati, ido a kan na baya. Bai ƙara ɓoye kunnensa ba. Mutumin Damagaram ɗin ma ya riƙa zuwa Tanut yana zama kusa da shi, kuma shi ne ya kafa lasifika ranar sadakar ukunsa, ya taka har ƙarshen layi ya tsuguna.

Amma abin da na fi tunawa shi ne hanyarmu ta komawa gidana ranar taron. Mutane suna ta tare shi suna miƙa hannu, yana ta murmushi. Sai da muka shiga lungunmu, babu kowa, ya rage tafiya ya karkato mini kunnensa na dama.

"Madam," ya ce, "wai me tsohon nan ya faɗa ne?"

Na tsaya a gindin katanga, na matso da bakina, na faɗa masa duka daga farko har ƙarshe.