Inci Biyun Da Na Ɓoye Wa Baba Iwabuchi

Ƙarfe shida na safe, ko ana zafi ko ƙanƙara ta rufe gari, Baba Iwabuchi Tatsuzo ke zuge ƙofar shagonsa. Ba ya fara taɓa wuƙa. Sai ya jiƙa tsumma ya shimfiɗa a cikin akwatin da sandunan da ya shafa wa ƙaron urushi ke kwana, domin shi wannan ƙaro, saɓanin komai na duniya, sai da laima yake bushewa. Sannan ya zauna, ya jawo tsagin gora, ya ɗaga shi saitin taga, ya rufe ido ɗaya. Matarsa Fusako ta kawo shayi ta ajiye. Shayin ya huce, ta zo ta ɗauke, ta kawo wani. Shekara arba'in da shida ke nan ana wannan asarar ganyen shayi a gidan, kuma ranar ƙarshe ta Satumbar bana, ranar da ake rufe kamun kifi a rafuka, shi ma zai rufe.

Abu ɗaya tak yake yi: gajeriyar sandar kamun kifi ta gora, wadda kwarkwaron zare ke zama a samanta, ana jefa ɗan kifin katako na yaudarar kifi da ita, wanda nauyinsa bai wuce giram uku ba. Duk wanda ya taɓa shiga rafukanmu ya san dalilin gajartar. Rassa sun rufe sama, duwatsu sun matse gefe, kifin iwana kuma yana can kwance ƙarƙashin saiwa yana jiran wanda ya iya. Amma abu marar nauyi ba ya jan zare da kansa. Sai tsinin sanda ya lanƙwashe ya harba shi. In tsinin ya yi kauri, ko dai abin ya faɗi a gabanka, ko kwarkwaro ya riga zare gudu, ka wuni a bakin ruwa kana warware zaren da ya cukurkuɗe kamar sheƙar tsuntsu. In ya yi siriri da yawa, ya karye. Tsakanin waɗannan biyu akwai wani wuri da bai fi kaurin gashi ba, a nan Baba ya kafa rayuwarsa.

Ba ya bari mutum ya zaɓi tsawon sandarsa. A lungun bayan shago ya ɗaure igiya daidai ƙirji, ya ajiye kwanon shinkafa can gaba. Ya miƙa maka tsohuwar sanda ya ce ka jefa ɗan kifin ta ƙarƙashin igiyar. Kai kana kallon kwano, shi yana kallon wuyan hannunka. Ni da na je, shekara goma sha biyu da suka wuce, na je da ilimina, don malamin makaranta ne ni, na karanta mujallu uku. Na ce ƙafa biyar da rabi nake so.

Ya ce, "Jefa, Malam."

Na jefa sau goma. Sau biyu na sami igiya, sau ɗaya na sami tukunyar furen Fusako.

Ya ce, "Ƙafa huɗu da inci uku."

"Baba, mujalla ta ce..."

"Mujallar ce za ta riƙe? Hannunka gajere ne, rafin da kake zuwa matsattse ne, haƙurinka kuwa ya fi su duka gajarta. Ka dawo bayan ƙanƙara ta narke."

Mutane da yawa sun ga abin da ya fi wannan. Komukai na injin tsaga katako, wanda zarto ya ɗauke wa babban yatsan dama, ya riga ya raba kayan kamun kifinsa, tunda da babban yatsa ake tsayar da kwarkwaro. Baba ya aika aka kira shi, ya sa shi damƙar dunƙulen yumɓu, ya sassaƙa masa mariƙi a kan wannan shaidar, ya karkatar da mazaunin kwarkwaro yadda manuni zai kai. Yau Komukai ya fi mu duka kamu, kuma ba ya bari mu manta. Wani likita ya taso takanas daga Tokyo yana son a yi masa sanda da zoben azurfa. Baba ya tambaye shi wane rafi yake zuwa, ya ce tukuna dai, a falo zai rataye ta. Baba ya ba shi shayi, ya raka shi har bakin mota, ya kwatanta masa inda ake sayar da zanen bango.

Baba, kai ne ba ka taɓa sa sunanka a inda za a gani ba, sai ƙarƙashin mariƙi, inda tafin hannu ke rufewa. Kai ne ke ajiye gora shekara bakwai a rufin ɗaki kafin ka yarda ta isa. Maƙi gaggawa, na Fusako. Na san in aka karanta maka wannan za ka ce malamin nan bai da aikin yi, kuma ba ka yi ƙarya ba.

To, amma ba yabo kaɗai ya sa na ɗauki alƙalami ba. Ga abin da ya kawo ni.

Ranar da na karɓi tawa sandar, ya riƙe ta da hannu biyu ya ce, "Wannan tsinin shi ne mafi siririn da na taɓa fiƙewa. Ya zo yadda na daɗe ina nema. Abu ɗaya: in ɗan kifinka na katako ya maƙale a reshe, ka ajiye sanda, ka ja zare da hannu. Kada ka ɗaga ta sama ka fizga." Na sunkuya na ce haba Baba, sai ka ce yaro.

Ban taɓa riƙe abu irinta ba. Wuyan hannu kawai za ka juya, ɗan kifin ya tafi ƙasa-ƙasa ya sauka ba ƙara, kamar ganye. Kwana tara na yi ina jin ni wani ne. A rana ta tara kifin ya maƙale a reshe. Na ɗaga sanda sama na fizga.

Inci biyu suka tafi. Na tsaya cikin ruwa har gwiwa, ni da nake tsayar da 'ya'yan mutane a gaban aji don sun manta littafi. A gida na ciro zoben tsini daga wata tsohuwar sanda na manna, na ce gobe zan je in ba da haƙuri. Na sayi kwalin alewar wake, irin wanda ake zuwa neman gafara da shi. Na tsaya da mota nesa da shagon, na hango shi yana fiƙa, na cinye alewar a cikin mota. An yi haka sau huɗu a shekarar farko. Matata ta zaci ciwon sukari nake nema da gangan.

Tsoro na daji, kunya na gida. Garinmu titi ɗaya gare shi, amma na gano hanyar zuwa makaranta ta bayan haikali, wadda ta ƙara mini minti goma kullum. A wurin jana'iza in sunkuya masa daga nesa, ya sunkuya mini daga nesa. Sandar kuwa na ci gaba da amfani da ita a haka, gurguwa, ina ɗora laifin a kan iska.

A cikin waɗannan shekaru ne aka fara wata magana a ƙungiyarmu ta masu kamun kifi. Sandunan Baba na yanzu ba su karyewa, amma ba su da ran na da. Sun ɗan yi nauyi a tsini. Ana cewa tsufa ne, ido ya fara gajiya. Ni ma na gyaɗa kai a taro na ce, ai shekaru ba wasa ba. Allah ya gani, na faɗa.

Farkon watan nan takarda ta bayyana a ƙofar shago, da rubutun Fusako, cewa za a rufe. Hannun Baba ya fara rawa. Na sayi kwali na biyar, na bar mota a gida don kada a maimaita, na taka da ƙafa.

Fusako ta fara ganina. "A'a! Tsoho, fito ka ga baƙo daga ƙasar waje. Malam, jirgin ƙarfe nawa ka biyo?"

"Iya, a yi mini afuwa."

"Shigo, shigo. Ka yi ƙiba."

Na durƙusa, na ajiye kwali, na zare sandar daga jakarta na shimfiɗa a gabansa. Bai taɓa ta ba. Ya dube ta, sai ya ja da baya, ya dafa tabarma da hannu biyu, ya sunkuyar da kai har goshinsa ya kusa ƙasa. Tsoho mai shekara saba'in da takwas, a gabana.

Ya ce, "Malam, ka yafe mini. Na ba ka aiki marar kyau."

Ya ɗago kai ya ci gaba.

"Satin da ta karye na gan ka daga kan gada. Kifinka yana faɗuwa hagu, yana marin ruwa. Na ce inci biyu sun tafi. Na san son raina ne ya ja, na fiƙe ta fiye da kima don in burge kaina. Kai kuma mutum ne mai kara, ba ka so ka kunyata ni, shi ya sa ka daina biyowa ta nan. Na so in zo gidanka, ƙafata ta ƙi."

Fusako ta ce, "Sau uku yana sa ni sayen alewa."

Ya miƙa hannu kan kanta ya sauko da wani abu siriri a naɗe cikin takarda, da sunana a jiki, takardar har ta yi ja. Sabon tsini ne, daga gorar da aka yi tawa. Tun sanyin waccan shekarar yake ajiye.

"Wannan ba zai karye ba. Tun daga kanka ban sake yin siriri ba. Kowace sanda na ƙara mata kauri kaɗan."

Nan na faɗa masa. Reshen, ɗagawar, fizgar, rana ta tara, duka. Ban san da wace murya na faɗa ba.

"Sama ka ɗaga ta?"

"Sama, Baba."

"Ka fizga."

"Na fizga."

Fusako ta ce, "Kai, maza! Gari mai titi ɗaya, shekara goma sha ɗaya, ku biyu kuna ciyar da mai alewa."

Shi bai yi dariya ba. Ya ɗauki gurguwar sandar, ya bi ta da yatsa daga mariƙi har inda ta ƙare, yatsan yana rawa. Ya lanƙwasa abin da ya rage a tafin hannunsa, ya saki, ya sake lanƙwasawa.

Ya ce, "Ashe daidai take."

Ba da ni yake ba. Can kuma ya ce, "Ɗari da arba'in na yi bayanta."

Na ce ko zai sa mini sabon tsinin, in tafi da shi a matsayin hukunci. Ya girgiza kai. Ya ce wannan tsoro ne ya fiƙe shi, ba shi ba, kuma ba zai haɗa shi da waccan ba. Na ce to ko zai fiƙe wani irin na farko, ko da shekara zai ɗauka, zan jira. Ya ɗaga hannayensa biyu ya nuna mini su. Ya miƙa wa Fusako tsinin ya ce ta tokare waken lambu da shi. Sannan ya buɗe kwalin, ya ɗauki alewa ɗaya, ya tura mini sauran.

"Ci, Malam. Na ji an ce ka saba."

Don haka, 'yan ƙungiya, ku da kuke riƙe da sanduna ɗari da arba'in ɗin nan: nauyin tsinin da kuke ji ba tsufa ba ne, ba kuma ido ba ne. Ni ne. Idon Baba bai taɓa kuskure ba, sai da ya yarda cewa malamin makaranta ba zai yi abin da aka hana shi ba. Wanda ke son zagi ya san gidana, yanzu ta babban titi nake bi.

Baba Iwabuchi, kai ne ka ga aibi a nesa ka fara neman sa a jikinka. Da irinka sun yi yawa, da duniya ta yi sauƙi, ko da yake irina za su ci gaba da cin riba. Mun gode da shekara arba'in da shida. Mun gode da hannun Komukai, da kowace safiya da ɗayanmu ya tsaya cikin ruwa ya ji abu ya tafi daidai. Iya Fusako, mun gode da shayin da aka sha da wanda ba a sha ba.

Masu sana'a, ku yi koyi da shi wajen tsayawa a kan aiki da ƙin sayar wa mutum abin da ba nasa ba. Sauranmu kuwa, masu karya abin da wasu suka ɓata shekaru suna yi, darasinmu ya fi sauƙi: ka mayar da shi wurin mai shi a ranar, ka faɗi yadda aka yi, tun hannunsa na iya gyarawa. Tawa tana nan ƙafa huɗu da inci ɗaya. Haka za ta zauna.