Sakatar da Abokina Bai Duba Ba

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a wata firamare kusa da Nasarawa Burkullu, ina da aboki guda da nake cika baki da shi kamar ni na haife shi. Tare muka tashi a Gummi, unguwa ɗaya, malamin allo ɗaya. Ni na ƙare a alli da baƙin allo, shi kuwa ya zama mai gyaran jiragen sama a wani babban filin jirgi a Kudu. Ni da ko tsanin jirgi ban taɓa takawa ba, in jirgi ya gifta sama sai in nuna wa yaran ajina in ce wataƙila abokina ne ya ɗaure masa noti. Yara su yi ta kallona da girma, ni kuma in karɓe girman ba kunya.

Wanda ya kai shi can aminin mahaifinsa ne, dattijon da ya daɗe a wannan aikin tun muna wasan ƙasa. Shi ya yanka ragon sunan abokina. Da mahaifin ya rasu shi ya tsaya a kan karatunsa, shi kuma ya karɓa masa aure. Baba yake ce masa, mu ma duk haka muke ce masa. A wurin aiki kuma shi ne shugaban rukuninsu.

Duk zuwan da abokina zai yi gida, ni labarin matuƙa da manyan mutane nake son ji, shi kuwa sai ya kawo min zancen sakata. Wata rana a bencin mai shayi har da haɗa tafukan hannunsa yana nuna min. Injin jirgi, in ji shi, murfi biyu gare shi, hagu da dama, suna buɗewa sama kamar kaza ta ɗaga fikafikai. In an sauke su sai su haɗu a can ƙasa, ƙarƙashin cikin injin, inda wasu sakatun ƙarfe ke riƙe su. Abin tsoron shi ne murfin na da nauyi. Yana saukowa sai ya zauna daram kamar an kulle, ko da ba a ɗana sakata ko ɗaya ba. Mutum a tsaye ba zai taɓa ganewa ba, sai ya durƙusa, wani lokaci har ya kwanta, ya shafa kowace da hannunsa. Shi ya sa dokar aikin ta ce mai rufewa daban, mai bin baya ya duba daban.

"To in Baba ya ruhe hwa, kai ka bin baya?" na tambaye shi cikin tsokana.

Ya yi dariya, ya kurɓi shayinsa. Mu biyun mun san abin da nake nufi. A wajenmu in babba ya ɗaure kaya a bayan jaki ko babur, yaro ba ya zuwa ya ja igiyar don ya ji ko ta ɗauru. Wannan zagi ne. Gara kayan su zube a hanya a ce ƙaddara. Ni kaina na taɓa tsintar gero a cikin yashi a hanyar Bukkuyum saboda kawuna ne ya ɗaure min buhun, alhali tun a ƙofar gida na ga ƙullin na san ba zai kai ba.

Wata damina sai ga saƙo cewa abokina ya iso Gummi, ba Sallah ba biki, da 'yar jaka ɗaya. Na hau babur na zo. Na same shi zaune a tsakar gidansu, mahaifiyarsa na gefe tana ɓarar gyaɗa, ya rame kamar wanda ya tashi daga jinya.

Ga abin da ya faru. Da safe suka buɗe murafen injin wani jirgi don duba mai. Lokaci ya ƙure, fasinjoji na jira, sai Baba ya sauke murafen da kansa. Abokina ya kai gwiwa ɗaya ƙasa zai leƙa, sai dattijon ya dube shi a gaban sauran ma'aikata ya ce da Hausa, "Aikina za ka bi, ɗana? Tashi, na ruhe." Ya tashi. Ya sa hannu a kan cewa ya duba. Jirgin na ɗagawa iska ta shiga ta fizge murfi ɗaya, ya daki jikin jirgin, matuƙi ya juyo ya sauka. Allah ya tsare, ba wanda ya samu ko ƙwarzane.

Kamfani ya dakatar da su biyun kafin a zauna bincike. Kuma Baba ya riga ya faɗa wa shugabanni cewa shi sauke murfi kawai ya yi, ya bar wa yaron kullewa. In wannan ta zauna, abokina ne ya ƙi rufewa kuma ya yi ƙaryar dubawa, hukuncinsa kora da ƙwace lasisin aiki. In kuwa ya faɗi yadda aka yi, laifin zai rabu biyu, a hore shi a mayar da shi bakin aikinsa. Har akwai wani ma'aikaci mai jin Hausa da ke tsaye a wurin, ya ce a shirye yake ya ba da shaida.

Ni a ganina magana ta ƙare. Na ce wa mahaifiyarsa, "Inna, ai ba wani abu ba na. Shi hwaɗi abin da anka yi kawai."

Ko ɗago kai ba ta yi ba. "Shi hwaɗi mi? Shi tashi gaban baƙi shi ce aminin ubanai maƙaryaci na? Mutumen da yay yanka mai ragon suna? In ya yi haka, da wane ido za ni hita cikin garin ga?"

"Inna, aikinai na za shi tahi. Ga mata, ga ɗiya."

"Wanda yab ba shi wanga, shi ka ba shi wani. Dattijon ga saura kaɗan shi aje aiki. A bar shi shi hita da mutuncinai."

Raina ya ɓaci. Na tashi na je gidanmu neman mai goya min baya, na zayyana wa mahaifiyata komai. Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ce ni dai tun ina ƙarami bakina ya yi min yawa, in je in ci tuwona. A nan goyon bayan ya tsaya.

Ranar da zai koma Kudu wajen binciken na raka shi tasha. Na yi magana har maƙogwarona ya bushe. Sai da direba ya fara kiran fasinja sannan ya ce, "Ni ma na yi laihi, mutumina. Na sa hannu bisa abin da ban gani ba."

"To ɗauki naka, ka bar mai nashi," na ce.

Ya dafa kafaɗata ya shiga mota. A wurin bincike aka karanta masa abin da Baba ya faɗa, aka tambaye shi ko yana da abin cewa. Ya ce babu. Mai shaidar ma abokina bai bari a kira shi ba. Aka kore shi, aka karɓe lasisin.

Ya kwaso iyalinsa ya dawo. Mutumin da ya yi shekaru yana koyon cikin injin jirgi ya koma bin ƙauyukan Anka a kan babur, yana gyara wa masu haƙar zinare injinan niƙa dutse. Na taɓa iske shi a Abare, ƙyalle ɗaure a hanci, ƙura ta mayar da girarsa fari, wannan ƙurar mai gubar dalma da kowa a yankin ya san abin da ta yi wa yara. Ya gama gyara, ya rufe murfin injin, ya durƙusa yana shafa kowane noti ɗaya bayan ɗaya. Masu injin suna ta yi masa dariya wai injiniya ya ɗauka jirgi ne zai tashi. Ya ci gaba da shafawarsa.

Abin da ya fi ci min rai shi ne yabon. A Gummi kowa ya san gaskiyar maganar, don irin wannan ba ta ɓoyuwa. Amma ban ji wanda ya ce Baba ya yi zalunci ba. Sai dai a ce abokina yaron kirki ne, ya san girman manya, iyayensa sun yi tarbiyya. Ana yabonsa yana sayar da kujerun ɗakin matarsa.

Bayan wasu shekaru Baba ya ajiye aiki cikin girma, ya dawo gida da mota da sabon gini. Ranar Sallah na rantse ba zan je gaishe shi ba. Abokina ya zo har gida ya ja ni, mahaifiyata ta harare ni, na saka hula na bi shi. Muka same shi a ƙofar gida kan darduma, jama'a kewaye da shi. Abokina ya cire takalmi tun daga nesa ya durƙusa har ƙasa. Ni ma, duk da cika bakina, sai ga ni a durƙushe ina tambayar lafiyar iyali.

Dattijon ya sa mana albarka. Fuskarsa a sake, ko alamar nauyi babu. Mun miƙe za mu tafi sai ya ce, "Ɗana, kahin ku wuce, duba min bonet ɗin motag ga. Ni nar ruhe shi da sahe, amma tsuhwa ta zo, ban yarda da hannuna ba. Gobe za ni Gusau da jikoki."

Na dubi abokina. Na ga muƙamuƙinsa ya motsa, na ce yau dai zai yi magana. Sai ya naɗe hannun sabuwar rigarsa, ya je gaban motar, ya durƙusa, ya zura yatsu ƙarƙashin murfin. Ya ɗan ɗaga shi, ya danna, muka ji ƙarar kamawar sakatar.

"Ba ta kama ba, Baba. Yanzu ta kama."

"Madalla," in ji dattijon. Ya juya ga mutanen da ke zaune ya ce, "Kun ga amfanin a duba."

Suka gyaɗa kai gaba ɗaya. Muka kama hanyar komawa, muka rabu a bakin masallaci.

Yanzu abin ya daɗe. Abokina na nan da babur ɗinsa da jakar sifanoninsa, ya daina ɗaga kai in jirgi ya wuce, ni ma na daina nuna wa yara. Ban ce girmama manya laifi ba ne, ni ma furfura ta fara fito min, ina son a durƙusa min. Sai dai in na ɗaure kaya a babur nakan kira ɗana in ce ya ja igiyar, yana noƙewa ina matsa masa.

Amma har yau in na tuna ranar Sallar nan sai in ji ɗaci a bakina. Shekaru ina yi wa dattijon uzuri a zuciyata, ina cewa irin su bakinsu bai iya furta wa yaro "duba min" ba. Ashe ya iya, har a gaban jama'a, ba tare da girmansa ya ragu ba. A filin jirgi 'ya'yan wasu ne a cikin jirgin, abincin ɗan amininsa ne kuma zai salwanta. Motar kuwa jikokinsa ne za su shiga.